Gishiri da kanwa a garka: yadda ake wanke ƙasa da ruwa

Manoma da makiyaya na gundumomin Madawa, Buza da Keita: A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar allurar rigakafi da tsutsar ciki, mu duba ƙasa. Wani zai ce, me ya haɗa ma'aikacin kiwo da ƙasar garka? Cikin bisa ne ya haɗa mu. Daga watan Maris har faɗuwar ruwa, yawancin tumaki da shanun gida a nan ba su da abin dogaro sai harawa, karan dawa, ganyen dankali da ɗanyar ciyawar da ake yankowa a garake. Ran da garka ta mutu, ragon layya da saniyar tatsa su ne farkon masu ji a jika.

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnati ta tura jama'a noman rani, garake suka yawaita a kwarin Tarka, a Magiya, da kwaruruwan Keita. Da can guga ne da ƙwarya. Daga baya aka samu ƴan rijiyoyin tiyo da injin ban ruwa, mutum ɗaya ya iya shayar da abin da goma ba su iyawa. Albasa ta kawo kuɗi, wannan ba gardama. Amma kowane ban ruwa yana da bashin da yake bari a ƙasa, kuma bashin nan shi ne gishiri.

Daga ina gishirin yake fitowa?

Babu ruwan rijiya ko na tabki da ba shi da gishiri, ko da harshenka bai ji ba. Kana zuba ruwa a fangali, shuka ta sha nata, rana da iska su kwashe saura. Gishirin ba ya tashi sama tare da tururi, nan yake zama. Gobe ka ƙara, jibi ka ƙara.

Bari mu yi lissafi. A ce ruwan rijiyarka yana da rabin garam na gishiri a kowane litir, wanda ruwa ne da kowa zai sha ya ce garai yake. A ce kuma daga dashe zuwa cirar albasa ka zuba ruwan da in an tara shi zai kai tsawon santimetir 60 bisa filin. A hekta guda wannan litir miliyan 6 ke nan, gishirin da ke ciki kuwa ton 3. In garkarka kashi ɗaya cikin goma ce ta hekta, ka zuba mata kilo 300, wato buhu shida masu kilo 50, a rani guda. Da wani ya zo da dare ya zazzage maka buhu shida na gishiri a garka, da sai an kai ga sarki. To ga shi kai da kanka kake zubawa.

Abin da ya sa ba kowace garka ke lalacewa ba shi ne damana. Ruwan sama ba shi da gishiri, in ya sauka da yawa ya nutse, yakan tafi da abin da rani ya tara. Sai dai ruwanmu kaɗan ne. A ƙasar Adar abin da ake samu a shekara bai cika fita tsakanin milimetir 300 da 500 ba, alhali rana da iska suna iya shanye fiye da milimetir 2000. Inda ƙasa ke da rairayi, ɗan ruwan nan yana isa. Inda laka ce mai nauyi, ko inda ruwan ya bi ta kai ya wuce bai zauna ba, gishirin bara yana nan yana jiran na bana.

Akwai hanya ta biyu, kuma ta fi ta farko muni. In ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso kusa, kamar metir ɗaya ko ɗaya da rabi, ƙasa takan jawo shi sama yadda lagwani ke jan kananzir. Ya iso sama ya bushe, ya bar gishiri, ko ka yi ban ruwa ko ba ka yi ba. Aikin da furojen Keita ya fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO, na gina madatsai da shingayen dutse, ya sa ruwa na tsayawa yana shiga ƙasa, rijiyoyi da yawa sun amfana. Alheri ne babba. Amma wanda garkarsa ke gindin madatsa ko bakin tabki, ya riƙa leƙa rijiyarsa yana lura da inda ruwa ya tsaya.

Alamun ba su ɓuya. Farin gari kamar an barbaɗa toka a kan kunya da gefen fangali, musamman da safe. Iri ya ƙi fita wuri-wuri, fangali ya yi kamar kan mai ƙyasfi. Bakin ganye ya ƙone. Shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi, domin gishiri yana riƙe ruwan, saiwa ba ta iya jawo shi. A nan ne mutane da yawa ke kuskure: sai su ce yunwa ce, su ƙara ire ko 15-15-15. Takin zamani shi ma ɗan'uwan gishiri ne. An ƙara wa mai ƙishirwa ƙishirwa ke nan.

Gishiri daban, kanwa daban

Kafin ka zuba ko guga ɗaya da sunan wanki, ka san da wace cuta kake fama, don ruwa ba ya tsami banza.

Ƙasa mai gishiri zalla fara ce a sama, amma tana shan ruwa yadda ta saba, kuma tana da daɗin fartanya. Wannan ruwa kaɗai ya ishe ta.

Ƙasa mai kanwa kuwa ta mutu a jiki. In ta jiƙa sai ta yi santsi kamar sabulu, ruwa ya kwanta a kanta kwana da kwanaki. In ta bushe sai ta ƙame kamar daɓe. Wani wuri za ka ga baƙin tabo mai maiƙo a sama, kamar an zubar da baƙin mai. Kanwa ce ta narkar da takin da ke cikin ƙasa ta fito da shi. Irin wannan in ka tara mata ruwa, ƙara toshewa za ta yi.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. Ka samo ɗan busasshen curin ƙasa kamar ƙwayar gujiya, ka sa shi a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama, kada ka motsa. Bayan awa biyu ka duba. In curin ya ruguje ya zauna a ƙasa, ruwa na nan garai, babu kanwa mai yawa. In ruwa ya yi gajimare kewaye da shi kamar an ɗiga nono, akwai kanwa. Ka yi da ƙasar sama, ka kuma yi da ta zurfin kamu biyu, don sau da yawa a can take ɓoye.

Ma'aikatan gona suna da ƴar na'urar awon gishiri, kuma cibiyar INRAN tana da ɗakin gwajin ƙasa a Yamai. A ma'auninsu, ƙasar da ta kai 4 ta shiga sahun mai gishiri. Amma albasa ba ta jira a kai 4: tun daga 1,2 take fara rage yabanya. Masara daga 1,7, tumatir daga 2,5, alkama sai 6, dawa har kusan 7. Kun ga ke nan abin da muka fi dogara da shi a Madawa da Tamaske, albasa ƴar Galmi, ita ce mafi raki a cikinsu.

Tukunyar toka

Kowa ya ga yadda mata ke tace toka. A zuba toka a tukunya mai huji a gindi, a zuba ruwa a sama, ruwan ya ratsa ya ɗiga ƙasa da ƙarfin tokar duka, abin da ya rage a tukunya ya zama lami. Masu gishirin Tagidda da na Foga su ma haka suke raba gishiri da ƙasa, da ruwa. Wankin garka shi ne wannan, ba wani abu ba. Bambancin kawai, su ruwan da ya ɗiga suke so, kai kuwa abin da ya rage a tukunya kake so.

To amma in tukunyar ba ta da huji fa? Ruwa zai zauna, ya bushe, toka na nan da ƙarfinta. Garkar da ruwa ba shi da hanyar wucewa ƙasa haka take. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a takardar nan, kuma ita aka fi tsallakewa. Na sha ganin wanda ya ƙone mai na kwana uku yana cika garka da ruwa, bayan sati biyu farin ya dawo fiye da da, saboda ruwan ƙasa yana nan kusa, abin da ya zuba ya ƙara ɗaga shi.

Saboda haka ka fara da rami. Ka haƙa zurfin metir ɗaya da rabi a wurin da ya fi lalacewa, ka bar shi ya kwana. In da safe ka tarar da ruwa ya taru a ciki, wanki ba zai yi ba tukuna. Ko dai ka jira lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya, ko a haƙa magudana mai zurfin metir ɗaya zuwa ɗaya da rabi a gefen gangare, wadda za ta kai ruwan can ƙorama. In ramin ya kwana a bushe, ka duba bangonsa: akwai wani sashe mai tauri kamar dutse wanda saiwa ba ta ratsa ba? In akwai, kuma bai yi zurfi ba, sai an fasa shi da diga ko garmar shanu mai shiga sosai.

Magudana ba aikin mutum ɗaya ba ce. Ruwan da ka kora daga garkarka, in bai samu mafita ba, garkar maƙwabcinka ta gangare zai shiga, kuma daga nan sai shari'a. A zauna da masu garaken da ke jere, da mai gari, a shata hanya guda. Ko manyan ƙasashe da haka suka fita. A Masar, ambaliyar kogin Nilu ce ke wanke gonaki kowace shekara. Da aka gama madatsar Aswan a 1970 ambaliya ta tsaya, ban ruwa ya zama na shekara duka, ruwan ƙasa ya taso da gishiri, sai da gwamnati ta bi gonaki tana binne bututun magudana a ƙarƙashinsu.

Wankin kansa

In farin ya yi kauri a sama, ka kankare shi da fartanya tun yana bushe, ka kwashe ka fitar da shi nesa. Wannan ba magani ba ne, rage kaya ne. Sannan ka kafce ƙasa, ka farfasa hoge. Lakar fadama tana tsagewa da rani; in ka zuba ruwa haka nan, ta tsagar zai zurare ya bar gishirin a cikin hogen. Bayan kafce sai daidaitawa. Duk inda ya yi tudu ko da na yatsa uku ne, nan gishirin zai gudu ya taru. Ka ja kunya mai ƙarfi, tsawon kamu ɗaya ko fiye, ka raba filin fangali-fangali.

Nawa ne ruwan? Abin da masana suka gwada a ƙasashe da yawa shi ne: don a wanke ƙasa zurfin santimetir 30, ruwa mai tsawon santimetir 15 yana fitar da wajen rabin gishirin, mai santimetir 30 yana fitar da wajen kashi 80 cikin 100, mai santimetir 60 kuma wajen kashi 90. Kun ga na farkon ne ke da riba, na ƙarshen wahala ce da ƙonon mai. A fili mai metir 10 tsawo, 10 faɗi, santimetir 30 na ruwa litir 30 000 ne, wato tano 150. Ba ƙaramin ruwa ba ne. Shi ya sa nake ba da shawara kada mutum ya tashi wanke garka duka a shekara guda. Ya ɗauki fangali biyu ko uku, ya ga yadda suka yi.

Kada ka zuba shi gaba ɗaya. Ka ba da santimetir 8 ko 10, ka bari ya nutse ƙasa ta sha iska kwana uku zuwa sati, gwargwadon nauyinta, ka sake. Ruwan da ke tafiya sannu yana shiga ƙananan ƙofofin ƙasa ya narkar da abin da ke ciki. Wanda aka tara da yawa manyan hanyoyi yake bi ya wuce. Da wannan dabara ruwan da za ka kashe bai kai na mai tarawa ba. Ka kafa sanda mai zane a tsakiyar fangali don ka san abin da ka zuba, kada ka yi da ka.

Lokaci kuma yana da muhimmanci. Afrilu da Mayu, rana za ta raba ruwan da kai. Lokacin ɗari ya fi. Amma wankin da ya fi kowane kyau, kuma ba ka sayen mai, shi ne na damana. Ka gama kafce da jan kunya kafin ruwan farko, yadda duk ɗigon da ya faɗi a garka zai zauna ya nutse a nan. Garake da yawa ana barin su haka nan da damana, ƙasa a ƙame, ruwan Agusta ya bi ta kai ya tafi gulbi. Asara ce wadda ba a lissafawa.

Ruwan da za ka yi wanki da shi, ya zama mafi daɗin da kake da shi. In rijiyoyinka biyu ne, a auna su. Ruwan da ke da ɗanɗanon gishiri a baki ya riga ya fi ƙarfin albasa.

In kanwa ce

Nan sai an haɗa da magani kafin ruwa, kuma Allah ya sa maganin yana cikin duwatsunmu. Shi ne farin dutsen nan mai ƙyalli, mai ɓarewa falle-falle, wanda farce ke iya karcewa, wanda ma'aikata ke kira jips. An daɗe ana tono shi a ƙasar Adar ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza. In an daka shi ya yi gari aka gauraya da ƙasar sama, yana kore kanwar daga jikin laka ya maye gurbinta, ƙasa ta buɗe, sannan ruwa ya samu hanyar fitar da ita. Yawan da ake bukata gwajin ƙasa ne ke faɗi, amma don gwaji a fangali guda ana iya farawa da rabin kilo a kowane metir murabba'i, wato ton 5 a hekta. A daka shi da laushi. Tsakuwa-tsakuwa sai ta shekara ba ta narke ba.

Kada a ɗauki farar ƙasa ko farin dutsen da ake ƙonawa a ce ai duk fari ne. Ba su yin wannan aiki a ƙasa mai kanwa. Toka kuwa ƙara cutar take yi. Kuma a yi haƙuri, ƙasa mai kanwa ba ta warkewa a damana guda.

Bayan wanki

Ruwan da ya tafi da gishiri ya tafi da abincin shuka ma. Don haka taki bayan wanki ake sa shi. Takin gida ya fi, wanda ya ruɓe tare da tattaka da ragowar kara, domin yana sa ƙasa ta yi laushi ta riƙa shan ruwa. Abu ɗaya dai: takin turken da ake ba bisashe kanwa kullum, da kashin kaji, suna da nasu gishirin. A bar su su sha ruwan sama ɗaya ko biyu a juji kafin a kai garka.

Shekarar farko kada ka yi gaggawar mayar da albasa. Ka sa dawa, ka yanka ta ciyawa ko ka bar ta ta yi kara. Ko alkama da ɗari. Wake ma yana jurewa fiye da albasa da masara, ga harawa. Ƙiri-ƙiri da muke tsana a garka tana daga cikin ciyayin da suka fi jure gishiri, saiwarta tana buɗe ƙasa, bisashe kuma suna son ta. A wurin da ya lalace ƙwarai, shekara guda ta ƙiri-ƙiri ba hasara ba ce. Dawar da aka yanka ta sake tohowa dai a kiyaye: ɗanyen tohonta, musamman in ya sha ƙishirwa, yana kashe bisa. A bari ya girma, ko a shanya shi ya bushe.

In kana shuka a kunya, kada ka sa iri a tsakiyar ƙololuwa, can gishiri ke taruwa. Ka sa a kafaɗar kunya kusa da inda ruwa ke tsayawa. Ka rufe ƙasa da kara ko ciyawa. Duk abin da ya rage bushewa ya rage gishiri, har da itatuwa: layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Magiya a 1975 tare da ƙungiyar CARE an yi su ne don tare iska, kuma iskar da aka tare ba ta shanye danshi kamar wadda aka sake. Sannan a cikin ban ruwa na kullum, yayyafi kaɗan-kaɗan da ba ya wuce saiwa shi ke tara gishiri. Lokaci-lokaci ka ba da ruwa mai nauyi wanda zai zarce saiwa ya tafi da abin da ya taru.

Bisashe da ruwan magudana

Yanzu ga wadda ta shafe mu kai tsaye. Makiyayi ya san amfanin gishiri, shi ya sa ake kora garke zuwa Ingal a ƙarshen damana, shi ya sa ake sayen kanwa da ɓalma. Sai wani ya ga farin da aka kankare daga garka ya ce ga lasa kyauta. Kada a yi. Wannan farin ya haɗa da ragowar takin zamani da maganin ƙwari da aka fesa wa albasa. A binne shi nesa da rijiya da turke.

Ruwan magudana ma haka. Ya kwaso gishirin garka duka, in ya taru a rami rana ta ƙara dafa shi. Ruwan da gishirinsa bai kai garam 3 a litir ba, shanu, tumaki da awaki suna sha lafiya, ko da zai ɗan sa su zawo kafin su saba. Daga 3 zuwa 5 suna iya sha amma ba da so ba, kaji kuwa ya fi ƙarfinsu. Daga 5 zuwa 7 a nisanta shi da masu ciki, masu tatsa da ƙanana. Abin da ya wuce 10 ba na kowace bisa ba ne. Raƙumi da tunkiya sun fi saniya juriya, amma ba a gwada su da gangan. A yi wa ramin shinge da ƙaya, domin garken da ya wuni bai sha ba, ba ya tsayawa ɗanɗano.

Bisar da gishiri ya yi wa yawa za ka gan ta da ƙishirwa mai tsanani, zawo, dalala, tana tangaɗi ko tana zagaye wuri guda, wani lokaci ta makance ko ta faɗi tana shure-shure. Ka kai ta inuwa. Kada ka sake ta a kan kwarkwaro ta sha ta ƙoshi, wannan na iya kumbura mata ƙwaƙwalwa ya ƙarasa ta. A ba ta ruwa mai daɗi kaɗan-kaɗan, a jira, a ƙara, har ta dawo daidai, a kuma aika a kira ma'aikacin kiwo mafi kusa. Wanda zai zo kiran ya riƙo ruwan da ta sha a cikin kwalba mai tsabta, cike har baki, a rufe.